GYARAN GANGAR AUZINAWA: Abin da ke kashe amfilifaya bayan an sake mata makunni

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar Gwadabawa ta cikin garin Jimeta ya san lasifika ce ke tashin jama'a da asuba. Tun kafin gari ya waye za a ji ladanai suna amsa wa juna daga wannan masallaci zuwa wancan. Da hantsi makarantun Islamiyya su karɓa, da yamma kuma masu tallan magani da masu sanarwar ɗaurin aure su ɗora. Bayan kowace lasifika kuwa akwai wani akwatin ƙarfe da ke ajiye a lungun masallaci ko a ƙarƙashin tebur, wanda ba a cika tunawa da shi ba sai ran da ya yi shiru. Wannan akwati shi ne amfilifaya, watau na'urar da ke karɓar 'yar muryar da ta fito daga makirufo ta ƙara mata ƙarfi har ta iya motsa lasifika.

Gwadabawa ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa. Shi kuwa Jimeta, wanda ke bakin Kogin Binuwai, shi ne cibiyar ciniki ta Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, wanda ya zama hedkwatar Jihar Gongola a 1976, sa'an nan ta Jihar Adamawa a 1991. Inda ciniki ya haɓaka kuwa ba a rasa masu sana'ar hannu, don haka masu gyaran rediyo da talabijin da amfilifaya suna da yawa a garin. A cikin dukkan ayyukan da akan kawo musu, da wuya a sami wanda ake rainawa kamar sake makunni, kuma da wuya a sami wanda ya fi shi jawo rigima tsakaninsu da masu kaya.

YADDA ABIN KAN FARU

Ga yadda abin kan kasance. Saura 'yan kwanaki a ga watan azumi, sai kwamitin masallaci ya lura makunnin amfilifaya ya fara gardama. Sai an danna sau biyu ko sau uku kafin ta kama, wani lokaci ma a ji ɗan ƙauri. Tun da ana shirin tafsiri da tarawihi, sai a ɗauke ta a kai shago. A tarar maigidan shago ya fita, yaronsa kuwa ya ga aikin bai fi na minti goma ba. Ya kwance tsohon makunni, ya ɗauko sabo, ya liƙa wayoyi da dalma, ya mayar da murfi, ya danna. Shiru. Ko fitilar gaba ba ta kawo ba. Na'urar da ta shigo shago tana magana, ko da yake da ƙyar, ga ta nan ta zama gawa.

Daga nan magana kan ɓaci. Masu kaya su ce an musanya musu wani abu a ciki, mai shago ya rantse ba a taɓa komai ba sai makunni. Kuɗin da aka sayi na'urar kuwa na karo-karo ne da aka tara daga 'yan unguwa, ba a kuma san ranar da za a sake tara irinsa ba. Shi ma mai gyara sunansa ne jarinsa, domin in aka ce shagon wane ne ya kashe amfilifayar masallaci, to, labarin zai riga shi isa kasuwa. Alhali kuwa sau da yawa na'urar ba ta mutu ba. Hanyar wuta ce aka katse a wani wuri da bai fi faɗin tafin hannu ba, kuma mai haƙuri da mita a hannunsa yana iya gano wurin cikin ɗan lokaci.

ME KE CIN MAKUNNI?

Kafin a zo kan gyara, ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa makunni ke lalacewa. Wutar da ake ba gidaje a Nijeriya ta bolt 230 ce, kuma makunni yana daga cikin wurare na farko da take ratsawa in ta shiga na'ura. Amfilifaya mai cin wat 500 ba ta jan abin da ya wuce amfiya biyu da 'yan kai a lokacin aiki. Amma a daidai ƙiftawar idon da aka danna makunni, taransifoma da manyan kwandansa masu ajiye wuta sukan zuƙi ninkin-ba-ninkin wannan, domin a lokacin babu komai a cikinsu. Wannan zuƙa ita ke sa ɗan tartsatsi tsakanin ƙarafan makunni, yau da gobe har su ƙone su yi baƙi.

Amfilifayar da ake kunnawa domin salloli biyar kaɗai, ana kunna ta sau 1,825 ke nan a shekara. A haɗa da ƙurar hunturu mai kutsawa ko'ina, da zafin Maris da Afrilu lokacin da ma'aunin zafi a Yola kan haura digiri 40. Sa'an nan ga ɗaukewar wuta. Tun zamanin hukumar NEPA, wadda aka kafa a 1972, zuwa PHCN a 2005, har zuwa 2013 da aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni, mutanen wannan yanki sun saba da sauya layi daga wutar gari zuwa janareta. A watan Afrilun 2024 ma, da ɓarayi suka lalata turakun babban layin da ya tashi daga Jos zuwa Gombe, Yola na cikin garuruwan da suka daɗe cikin duhu. Kowace sauyawa kuwa ƙarin kashewa ce da kunnawa.

KOMA INDA HANNU YA TAƁA

Ƙa'idar tsofaffin masu gyara guda ce: abin da ke aiki kafin a taɓa shi, ya daina bayan an taɓa, to, a koma inda hannu ya taɓa. Yaron da ya firgita yakan fara cire tiransista yana sakewa, ko ya bi allon na'ura yana ƙara dalma duk inda ya ga dama, garin neman gira ya rasa ido. Gwani kuwa yakan bi wutar ne tun daga bango, mataki-mataki, yana aunawa, har ya iske inda ta tsaya.

Amma kafin komai sai ya kiyaye ransa. Yakan zare fulogi daga soket gaba ɗaya, ba ya dogara da kashe makunni, tun da makunnin ne ake tuhuma. Ya kuma san manyan kwandansa suna riƙe wuta bayan an zare fulogi. A tsofaffin amfilifaya masu bawul, irin fasahar da ta samo asali daga ƙirƙirar Lee de Forest ta 1906 a Amurka, abin da suke riƙewa yakan wuce bolt 300. Masu tiransista, waɗanda suka biyo bayan ƙirƙirar 1947 a ɗakin binciken Bell, nasu bai kai haka ba, amma ya isa ya ƙona yatsa. Na zamani marasa nauyi kuwa, waɗanda ba su da babbar taransifoma, akwai kwandansa a cikinsu mai riƙe wajen bolt 325. Don haka yakan auna su, ya zubar da wutar ta cikin rizisto, ba ta hanyar gama ƙafafunsu da sukudireba ba. Wutar da ba ta wuce kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya ba tana iya rikita bugun zuciya in ta ratsa ƙirji, shi ya sa ake saita na'urorin kariya na gidaje su yanke wuta a daidai wannan adadi.

Matakin farko a waje yake. Akwai wuta a soket ɗin? A jona fanka ko fitila a gani. Wayar wutar lafiyarta ƙalau? Fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda aka fi amfani da shi a ƙasar nan, yana da nasa fis a cikinsa, kuma mutane da yawa sukan manta da shi. Bugu da ƙari, yawancin amfilifayar da ake gani a masallatai, kamar wasu ƙirar kamfanin Ahuja na Indiya da TOA na Japan, suna da wurin jona batir na bolt 12 ko 24 a bayansu. In aka jona batir ta yi magana, an huta da rabin bincike ke nan, domin an tabbata sashen sauti lafiya yake, laifin yana tsakanin fulogi da taransifoma.

Mataki na biyu shi ne fis na jikin na'urar. Yawanci ɗan gilashi ne mai tsawon milimita 20, yana cikin wani ɗan aljihu kusa da inda wayar wuta ke shiga, ko kuwa a kan allon ciki. Ba a yarda da ido kaɗai, sai an auna da mita. Amma ido ma yana da abin faɗa. In zaren ciki ya tsinke kawai gilashin yana garau, wataƙila tsufa ne ko ɗan nauyin da ya yi yawa. In kuwa gilashin ya yi baƙi ƙirin, wuta ce mai yawa ta ratsa shi farat ɗaya, watau waya mai wuta ta haɗu da marar wuta a wani wuri. Sake fis ba tare da gano wannan wuri ba asarar fis ce kawai. Har ila yau, sai a duba rubutun da ke kan hularsa. Harafin T yana nufin fis mai jinkirin tsinkewa, wanda aka yi domin ya jure zuƙar farko, harafin F kuwa mai saurin tsinkewa ne. In aka sa F a wurin T, yana iya tsinkewa tun dannawar farko ko da na'urar lafiya take. Masu naɗe fis da zaren waya ko takardar kwalin sigari kuwa, sun cire mai gadi ne sun bar ƙofa buɗe, domin abin da zai ƙone a madadinsa taransifoma ce, ko ma ɗakin gaba ɗaya.

Mataki na uku awo ne guda mai bayyana abubuwa da yawa. Fulogi yana zare, a danna makunni kamar an kunna, a ɗora bakunan mita a kan ƙafafun fulogi biyu masu kai wuta. A amfilifaya mai babbar taransifoma, mita za ta nuna ɗan adadi daga om kaɗan zuwa 'yan gomiya, watau tana ganin naɗin wayar taransifoma. In ba ta motsa ba sam, hanya ta katse. In ta faɗi kusan sifiri, wayoyi sun haɗu.

ƘAFAFUN MAKUNNI

A nan ne akasari gizo ke saƙa. Makunnai suna kama da juna a fuska, amma cikinsu ya bambanta, kuma wanda aka sayo a kasuwa ba lalle ne ƙafafunsa su yi daidai da na wanda aka cire ba.

Mai ƙafa biyu shi ne mafi sauƙi: wuta ta shiga ta wannan ta fita ta wancan. Sharaɗinsa guda, a sa shi a kan waya mai wuta, wadda a wayoyin yanzu ruwan ƙasa ce, a na da kuwa ja ce. In aka sa shi a kan marar wuta, watau shuɗiya ko baƙa, na'ura za ta kashe ta kunna kamar lafiya, amma cikinta na nan da wuta ko an kashe.

Mai ƙafa uku mai fitila a ciki shi ya fi yaudarar yara. Biyu daga ƙafafunsa su ne makunnin, ta ukun, wadda sau da yawa launinta ya bambanta da na sauran, ta 'yar fitilar ce kawai. In aka liƙa wayar taransifoma a wannan ƙafa ta uku, wutar za ta bi ta cikin 'yar fitilar, wadda ba ta barin komai ya wuce sai ɗan ƙanƙani. Sai a ga makunni yana haske, amfilifaya kuwa shiru.

Mai ƙafa huɗu makunni biyu ne a gida ɗaya, yana yanke mai wuta da marar wuta tare. Kowace waya tana da ɓangarenta, ƙafar shiga da ƙafar fita. In aka yi kuskure aka sa mai wuta da marar wuta a ɓangare ɗaya, da zarar an danna an gama su ke nan, sai a ji ƙara, fis ya tafi. A wasu amfilifaya masu amfani da batir kuma, ɓangare ɗaya na wutar gari ne, ɗayan na batir. Kuskure a nan ya fi muni, domin yana iya tura bolt 230 cikin sashen da aka yi domin bolt 12.

Akwai kuma bambanci tsakanin makunnin da ke tsayawa inda aka danna shi da wanda ke dawowa da an ɗage yatsa. Na'urori da yawa na zamani da irin na biyun suke aiki, domin makunnin umarni kawai yake bai wa wani ƙaramin allo, shi kuma ya ja rile. In aka musanya wannan da wancan, na'ura ba za ta tashi ba, ko kuwa ta tashi ta mutu nan take. Haka nan a duba rubutun jikin makunni. Wanda aka yi domin mota, mai fitilar bolt 12, ba shi da hurumi a kan wutar gida, araha kuwa ba ta ado.

Ko da an dace da ƙafafu, dalma ma tana cin amana. In ƙarfen narkawa bai yi zafi sosai ba, dalmar takan dunƙule ta yi dishi-dishi, a ido ta kama, amma wuta ba ta wucewa. In kuma aka daɗe da ƙarfen a kan ƙafa, robar cikin makunni ta narke, ƙarafansa su goce, sabon makunni ya lalace tun bai yi aikin kwana ɗaya ba. Sa'an nan a duba maƙwabta. Wajen kutsa hannu a fito da tsohon makunni, akan tunkuɗe wata 'yar waya ta zare daga mazauninta ba a sani ba. Na'urorin da aka shigo da su daga Amurka, inda wutar gida ta bolt 120 ce, ko Japan mai bolt 100, wasunsu suna da ɗan maɓallin zaɓen wuta a baya. In ya goce zuwa 110 aka ba shi 230, fis ya tsinke in an yi sa'a, in ba a yi ba taransifoma ta tafi. Wasu taransifoma ma suna da wani fis na zafi a binne cikin naɗinsu, wanda in ya tsinke mita ba za ta ga komai ba, ko da makunni da sauran fis duk lafiya suke.

SHAIDAR ƘWAN FITILA

In an gyara abin da aka gani, gwani ba ya jona na'ura kai tsaye. Yakan sa ƙwan fitila irin na da mai zare, na wat 60 ko 100, a tsakiyar waya mai wuta, yadda duk wutar da za ta shiga amfilifaya sai ta bi ta cikinsa. Ƙwan zamani marar cin wuta ba ya wannan aiki. A cire lasifika, a danna makunni, a zuba wa ƙwan ido. In ya yi haske farat ɗaya sa'an nan ya dushe, kwandansa ne suka sha suka ƙoshi, alamar lafiya ke nan. In bai kawo ba ko kaɗan, har yanzu hanya a katse take. In kuwa ya kama haske sosai ya ƙi dushewa, akwai inda wuta ke zuba, amma ƙwan ya tare ta, bai bari ta ƙona komai ba.

Wannan hali na uku shi ke tona wani asiri da kan wanke yaron shago. Wani lokaci makunnin da aka cire ba shi ne ciwon ba, alamarsa ce. Dayod masu daidaita wuta, ko wata kwandansa da ta kumbura, ko tiransistocin ƙarshe masu tura sauti, wani daga cikinsu ya daɗe yana jan wuta fiye da kima, shi ya cinye tsohon makunni sannu a hankali. Da aka sa sabo, abin da ke rangaji ya ƙarasa faɗuwa. A irin wannan hali akan raba wayoyin fitar taransifoma daga allo a sake gwadawa. In ƙwan ya dushe, laifin yana kan allo. In bai dushe ba, yana jikin taransifoma ko wayoyin da ke gabanta.

In kuma fitilar gaba ta kawo amma babu murya, wuta ta shiga ke nan, sai a koma ga ƙananan fis na kan allo, da rile mai kare lasifika, wanda a na'urori da yawa akan ji ƙarar kamawarsa 'yan daƙiƙoƙi bayan kunnawa, da kuma wayoyin lasifika da na makirufo.

ABIN LURA GA KOWA

Duk wannan wahala rigakafinta bai fi minti biyu ba. Masu gyaran da sukan zana hoton makunni a takarda su rubuta launin kowace waya kafin su kwance. Yau da ke akwai wayar hannu mai ɗaukar hoto, babu uzuri ga wanda ya kwance waya bai ɗauka ba. Sa'an nan a auna sabon makunni da mita tun yana hannu, a san wace ƙafa ke haɗuwa da wace in an danna. Iyayen gidan shago kuma kada su bar yaro shi kaɗai da sashen da wutar gari ke shiga don an ga aikin ƙarami ne. Su kuwa masu kaya, ya kyautu a gwada na'ura a gabansu kafin a buɗe ta, a kuma ba su tsohon makunni da duk abin da aka cire, domin wannan kaɗai ya isa ya kashe zargi.

Akwai wata waya guda da ba ta hana amfilifaya magana in an manta da ita, don haka ita aka fi mantawa. Ita ce wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, wadda ake ɗaurewa a jikin akwatin ƙarfen domin in wuta ta ɓalle ta bi ta nan fis ya tsinke. Masu gaggawa sukan bar ta tana lilo bayan sun sake makunni, tun da na'ura ta yi magana kowa ya yi murna. Amma jikin makirufo na ƙarfe a haɗe yake da jikin amfilifaya, kuma wanda zai fara kama shi da asuba ladan ne, wanda ya fito daga alwala hannunsa da danshi, ƙafarsa ba takalmi. Saboda haka kafin a mayar da murfi, a ɗora mita tsakanin doguwar ƙafar fulogi da jikin akwatin. Sai ta nuna a haɗe suke sa'an nan aiki ya kammala, a kira 'yan kwamiti su zo su ɗauki kayansu.